Wasan da Girma Ke Ƙwacewa

Ƙannena maza da mata, akwai asarar da ba a zuwa wa mutum jaje a kanta, don shi kansa bai san ranar da ta same shi ba. Yaro ya ƙware a wani wasa, langa ce, tseren keke ne, iyo ne ko ƙwallon layi, har unguwa ta san shi da shi. Sai karatu ya yi nauyi, sai neman abinci, sai aure, sai 'ya'ya. Babu ranar da ya zauna ya ce daga yau na bari. An dai wayi gari shekara ashirin ta shuɗe bai taɓa ba, kuma in ka tambaye shi dalili amsar ɗaya ce: ai mun girma. Wannan amsa nake so mu duba tare tun ba ta zama taku ba. Misalin da zan kawo daga nesa yake, daga zaurukan wasan takalmin taya na Amurka da Birtaniya, inda ake haɗa wasan da kiɗan disko, inda kuma manya ke komawa neman abin da suka bari tun suna yara.

Ga wanda bai taɓa gani ba, zaure ne makeke mai daɓen katako da aka goge har yana sheƙi, an kewaye shi da 'yar katanga iya ƙugu wadda sabon shiga ke dafawa. A bakin ƙofa akwai kanta. Ka miƙa takalminka, ka faɗi lambar ƙafarka, a miƙo maka na haya: takalmi mai wuya har ya rufe idon sawu, tayoyi huɗu a ƙarƙashi, biyu gaba biyu baya, da dunƙulen roba a hancinsa wanda shi ne birki. Fitilu kala-kala suna yawo a bango, mai saka faifai yana can sama a ɗan akurkinsa. Kowa gefe ɗaya yake zagayawa, hannun hagu yana ciki, masu gudu suna tsaka-tsaki, masu koyo suna jikin katanga, masu rawa sun kama tsakiyar fili. Akwai masu gadi a kan taya da usur a baki, in wani ya faɗi su tsaya a bayansa su kare shi har ya miƙe. Da rana wurin na yara ne da iyalai. Da dare kuma akwai abin da suke kira daren manya, ba a shigar da yaro.

Takalmin nan ya daɗe. Wanda ya ba shi siffar da aka sani yau wani Ba'amurke ne, James Plimpton, a 1863. Kafin shi tayoyin a jere suke layi ɗaya, miƙewa ba wuya amma kwana sai an sha fama. Plimpton ya raba su biyu-biyu, ya ɗora su a kan gindi mai ɗan motsi da matashin roba, ta yadda in mutum ya karkata dama tayoyin su bi shi dama. A 1884 Levant Richardson ya sa musu boris, gudu ya ƙaru. Shekara da shekaru kiɗan zaurukan na ogan ne irin na coci, ana zagayawa a natse. Sauyi ya ɓullo daga wani zaure mai suna Empire a unguwar Brooklyn ta birnin Niyok, wanda aka buɗe a 1941. A ƙarshen shekarun 1950 wani matashin sojan sama baƙar fata ɗan Detroit, Bill Butler, ya shawo kan masu wurin suka sa faifan jaz, shi kuma ya shiga taka rawa a kan taya yadda ba a saba gani ba. Da kiɗan disko ya mamaye Amurka a shekarun 1970, aka kuma sami sabbin tayoyin roba masu kama ƙasa ba tare da ƙara ba, sai abin ya zama yayi. A 1979 ya kai ƙololuwa. Mawaƙiya Cher ta yi liyafa a Empire, aka fitar da finafinai biyu a kan wasan, Roller Boogie da Skatetown, U.S.A., aka buɗe zauren Flipper's a Los Angeles inda taurari ke tururuwa. A wannan shekarar dai, ranar 12 ga Yuli, aka tara faya-fayan disko a filin wasa na Comiskey da ke Shikago aka tarwatsa su da nakiya, dubban mutane suna shewa. Daga nan kasuwar disko ta fara faɗuwa, Flipper's ma ya rufe a 1981.

Waɗanda yayi ya kawo, yayi ya tafi da su. Amma akwai waɗanda suna nan tun kafin yayin, kuma ba su motsa ba bayansa, su ne baƙaƙen fatar Amurka, kuma labarinsu ne ya fi damuna a nan. A zamanin wariyar launin fata zauruka da yawa ba sa barinsu su shiga, ko a ware musu dare ɗaya tak a mako. Sun tsaya da alluna a ƙofofin zauruka kamar yadda suka tsaya a ƙofofin gidajen abinci. A watan Agusta na 1963 wani mutum mai suna Ledger Smith ya ɗaura takalmin taya a Shikago ya kama hanyar Washinton, mil 685, sama da kilomita 1,100, cikin kwana goma, da kalmar 'yanci rubuce a ƙirjinsa, don ya halarci gangamin da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa ranar 28 ga watan. Ko bayan dokar 1964 ta haramta wariya a wuraren jama'a, daren nan ɗaya bai ɓace ba, suna kawai ya riƙa sauyawa, har ya tsaya a kan daren manya.

Sai suka mai da wannan dare gidansu. Kowane birni ya fito da salonsa, har gwani kan kalli ƙafar mutum ya gane garinsu. Mutanen Shikago suna da salon da suke kira JB, da sunan mawaƙi James Brown wanda kiɗansa suke bi. Na Detroit daban, na Atlanta daban, kuma zauren Cascade na Atlanta shi ne aka yi fim ɗin ATL na 2006 a cikinsa. A Los Angeles mutum kan sayi takalmin fata na fita kunya ya kai a ɗaura masa ƙananan tayoyi a ƙasa. Kaka ta koya wa uwa, uwa ta koya wa 'ya. Fim ɗin gaskiya mai suna United Skates, wanda ya fito a 2018, ya nuna yadda zaurukan ke rufewa ɗaya bayan ɗaya saboda filayen sun yi tsada, masu kuɗi sun fi son gina kantuna da gidajen haya, da yadda mutanen nan ke tuƙa mota na sa'o'i zuwa wani gari don kada mako ya wuce ba su hau taya ba. Empire kanta ta rufe a 2007, aka mai da ginin ma'ajiyar kaya.

A irin waɗannan darare za ka ga dattijo mai furfura, shekara sittin ko saba'in, da ɗan tawul rataye a aljihun baya, yana tafiya da baya a kan taya yana hira da na kusa da shi, ko kallon ƙasa ba ya yi. Jikinsa irin na kowa ne, gwiwarsa ma na ciwo da sanyin safiya. Abin da ya bambanta shi da sa'o'insa shi ne yana da dare tsayayye a mako, yana kuma da mutanen da in ba su gan shi ba za su buga waya su ji ko lafiya. Niyya kaɗai ba ta riƙe wa mutum wasa. Ku da kuke da wasanninku a hannu yanzu, ku lura da wannan. Ranar da aka watse daga makaranta, ko aka tura wannan bautar ƙasa wancan ya koma wani gari, ranar ce wasan ke shiga haɗari. Wanda ya tsayar da yammacin Asabar da abokai uku, ya ƙi bari hidimar biki da cinkoson aiki su cinye ta, zai kai shekara hamsin yana yi. Wanda ya ce zai riƙa yi in ya sami lokaci, ya riga ya bari.

Mafi yawan mutane dai barin suke yi, shi ya sa zancen komawa ya taso. A 2020, da annobar korona ta rufe gidajen motsa jiki da wuraren taro, mutane suka shiga tono tsofaffin takalmansu daga ɗakin shirgi, kantuna suka rasa na sayarwa. A watan Yuni na shekarar wani gajeren bidiyo ya zagaya duniya: wata matashiya 'yar asalin Sanagal da ta tashi a Jamus, Oumi Janta, sanye da rawayen kaya, tana rawa a kan taya a tsohon filin jirgin sama na Tempelhof a birnin Balin, cikin natsuwa kamar ba taya a ƙafarta. Miliyoyi suka kalla. A 2022 'yar mai Flipper's ta farfaɗo da sunan zauren mahaifinta a Niyok da Landan. A watan Fabrairu na 2024 mawaƙi Usher, yana da shekara 45, ya hau taya a gaban duniya a bikin Super Bowl, wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka. Duk waɗannan sun sa wanda ya bari tun yana ɗan shekara goma sha biyu ya fara tambayar kansa ko har yanzu zai iya.

Na ga irin wannan komowa da idona a wani zaure a Landan, a daren manya. Wata mata ce da za ta kai arba'in da biyar, zaune a benci tana ɗaure igiyar takalmin haya. Ta ja igiyar rami bayan rami har sama, ta ƙulle, ta kwance, ta sake ja. Ta miƙe a kan kafet, inda taya ba ta gudu, ta taka a hankali zuwa inda kafet ya ƙare katako ya fara. Nan ta tsaya. Yara matasa suna wucewa ta gabanta fiu, iskarsu tana kaɗa mata riga. Ta ɗora ƙafa ɗaya, ƙafar ta riga ta tafiya, ta cafki katanga da hannu bibbiyu. Waƙa guda ta ƙare ba ta gama zagaye ɗaya ba. Can sai hannu ɗaya ya saki. Can kuma sai na ga yatsun ƙafarta sun ɗan buɗe waje, ta tura ƙafar dama gefe, ta bar nauyinta a kan ta hagu, ta zame, ta sake turawa da hagu. Ba wanda ya nuna mata. Fuskarta ta sauya gaba ɗaya, ta daina cije leɓe, ta ɗaga kai ta nemi ƙawarta da ido. Ba a jima ba kuma ta dawo benci tana haki, tana murza ƙwaurinta da tafin ƙafarta. Ƙafa ta tuna, cinya ce ta manta.

Haka abin yake ga kusan kowa, kuma yana da dalili. Motsin da jiki ya koya da maimaici, irin su tuƙin keke da iyo da zamiya a kan taya, ƙwaƙwalwa tana ajiye shi ta wata hanya daban da yadda take ajiye sunaye da lambobi, kuma ɓangaren da ke can wajen ƙeya yana da babban hannu a ciki. Irin wannan ajiya kan yi shekara talatin ba ta goge ba. Tsoka da ƙashi kuwa ba sa ajiya. Ƙashin mutum yana kai iyakar ƙarfinsa ne wajen shekara 30, daga nan sai raguwa a hankali, ga mata kuma raguwar kan yi sauri bayan ɗaukewar al'ada. Tsoka ma tana raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari duk shekara goma bayan talatin, ga wanda ba ya motsa ta. To a nan haɗarin yake. Gwaninta tana dawowa cikin rabin sa'a, ƙarfi kuwa sai an yi makonni. A tsakanin nan ne mutum ke jin kansa ɗan shekara goma sha biyar, ya ce bari ya gwada tafiya da baya ko ya tsallaka ƙafa a kwana kamar da. Yaro in ya faɗi, daga kusa ya faɗo, ba shi da nauyi, ƙashinsa da sauran laushi. Babba mai kilo tamanin daga sama yake faɗowa, ga tayoyi sun ƙara masa tsawo, kuma abin da zai fara miƙawa ƙasa shi ne tafin hannu. Shi ya sa karayar tsintsiyar hannu ta zama ciwon wannan wasa, sai targaɗen idon sawu da buguwar ƙarshen ƙashin baya ga wanda ya faɗi ta baya.

Mu da muka tashi cikin karatun addini muna da labarin da ya dace da wannan. Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta ba da labarin cewa a wata tafiya Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce wa sahabbai su yi gaba, ya yi tsere da ita, ta tsere masa. Bayan shekaru, jikinta ya yi nauyi har ta manta da zancen, a wata tafiyar ya sake kiranta tsere, wannan karon ya wuce ta, yana dariya yana tuna mata na farko. Abu Dawuda da Imamu Ahmad sun kawo hadisin. Dubi abin da ke ciki. Shugaban al'umma ne, da shekarunsa da nauyin da ke kansa, bai ga tsere da iyalinsa ya rage masa komai ba. Ita kuma jikinta ya sauya, sakamakon tseren ya sauya, ba ta ce don haka ba za ta yi ba. Duk wanda zai koma wa wasan ƙuruciya, da jikin yau zai koma, ya kuma yarda cewa sakamakon ba lalle ya zama irin na da ba.

Saboda haka in ranar ta zo wa ɗayanku, ko ta zo wa yayarku ko mahaifinku ku ne masu rakiya, ga abin da masu wasan suka sani. Gwiwa ita ce komai. A lanƙwasa ta, a sauke ƙugu kamar mai shirin zama a kujera 'yar tsuguno bai kai ba, kafaɗu a saman gwiwa, ido a gaba inda za a je. Tsoro yana sa mutum ya miƙe ƙyam ya ja kafaɗu baya, kuma wannan tsayuwar ce ke sa tayoyi su zame gaba shi ya tafi ta ƙeya. In ka ji za ka faɗi, ƙara durƙusawa, ka dafa gwiwoyinka, sau da yawa faɗuwar ma sai ta fasa. In ta zama dole, a faɗi gaba a kan matashin gwiwa, a kuma dunƙule yatsu nan take, don na bayanka da tayoyi yake tahowa. Wajen tashi, a kafa gwiwa ɗaya a ƙasa, a dasa ɗaya ƙafar, a dafa cinya da hannu biyu a miƙe a hankali.

Kayan kariya ba na yara ba ne kaɗai, babba ma ya fi bukatarsu. Wani bincike da aka buga a mujallar likitoci ta New England a 1996, a kan masu takalmin taya mai layi ɗaya, ya nuna tsintsiyar hannu ce ta fi kowace gaɓa jin ciwo, ya kuma ƙiyasta cewa takalmin hannu mai ƙarfe ko roba a ciki zai iya hana kashi 87 cikin ɗari na wannan ciwo. Kuɗinsa bai kai kuɗin hoton ƙashi ba, balle mako shida da hannu a ɗaure, mai ɗinki bai ɗinka ba, mai tuƙi bai tuƙa ba. A haɗa da na gwiwa da na gwiwar hannu, da hular kwano ga mai koyo da mai wasa a waje. Mai hawan jini, da mai ciwon gaɓoɓi, da wadda likita ya ce ƙashinta ya yi rauni, su fara jin ta bakin likita. Mai juna biyu ta jira.

A koyi tsayawa kafin a koyi gudu. Ana ba da labarin John Joseph Merlin, wani maƙerin agogo da kayan kiɗa ɗan ƙasar Beljiyam da ya zauna a Landan, wanda ake danganta ƙirƙiro takalmin taya gare shi a wajajen shekarun 1760. Ya shiga wani taron manyan gari a kan tayoyinsa yana goga gogen Turawa, mutane suna mamaki, amma bai tanadi hanyar tsayawa ba. Ya tafi kai tsaye ya daki wani katafaren madubi, madubin ya farfashe, gogen ya karye, shi ma ya ji mummunan rauni. Fiye da shekara ɗari biyu da hamsin ke nan, har yau sabon shiga katanga yake mayarwa birkinsa. Hanyoyin tsayawa kuwa ba su da wuya: a buɗe ƙafafu a karkato yatsu ciki a danna, ko a ja ƙafa ɗaya a gicciye a bayan ɗaya tana gogar ƙasa. Robar hanci kuma ta ƙafar baya ake ja. Wanda ya dasa ta gaba yana cikin gudu, da fuska zai sauka.

Tsohon takalmin da ya kwana shekara ashirin a ɗakin shirgi, a duba shi da kyau kafin a amince masa. Roba tana bushewa ta tsattsage, gam yana sakin tafin, boris yana tsatsa, noti yana kwancewa. Kowace taya boris biyu ne a cikinta, goma sha shida ke nan a takalmi ƙafa biyu, kuma guda ɗaya in ya cije ya isa ya kayar da mutum. Tayoyi ma iri-iri ne, akwai lamba a jikinsu. Mai laushi, wajen 78A, ta kwalta ce da siminti, tana shanye tsakuwa. Mai tauri, 95A zuwa sama, ta daɓen zaure ce. Ranar farko kuma a tashi tun da sauran ƙarfi, don faɗuwa mai muni ta fi zuwa a zagayen da mutum ya ce shi ne na ƙarshe.

Duk wannan mai sauƙi ne in aka gwada shi da abin da ya fi hana manya komawa, wato kunya. Mutum yana da ofis, yana da yaran shago, ana gaishe shi a durƙushe, 'ya'yansa ba su taɓa ganinsa a ƙasa ba. Yanzu a ce ya kama katanga yana rawar ƙafa, ɗan shekara bakwai yana zagaye shi. A wurinmu abin ya fi tsanani, don da wuri muke ɗora wa mutum girma. Yarinya ta yi aure tana da shekara ashirin, shi ke nan an rufe mata gudu da tsalle har abada, in ta yi a ce ba ta da kamun kai. Namiji ya tara iyali, in an gan shi a kan keke a ce karayar arziki ce. Ni ban yarda girma abu ne mai saurin zubewa haka ba. Wani dattijo da na ga ya faɗi a zauren nan na Landan ya tashi ya kaɗe wandonsa ya ci gaba, ba wanda ya rage ganin mutuncinsa, matasa ma tafa masa suka yi. Abin da ke zubar da girma sananne ne, ƙarya ce da cin amana da zalunci. Kunyar wasa kuwa muna biyan kuɗinta a asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya yi motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, kuma ku duba gidajenku ku ƙirga iyaye da yayye nawa ne ke samun ko rabin haka, sannan ku ƙirga masu shan maganin hawan jini da na sukari. Likita yakan ce a riƙa tattaki, a yi kwana uku a bari, don tattakin dole ba daɗi. Abin da mutum ke so tun yana yaro shi ne abin da zai iya ɗorewa a kai.

Na san wani zai ce ai wurin disko ne, kiɗa ne da cakuɗuwa, wani wurin har da giya. Gaskiya ne, kuma ban ce ku kwaso al'adar wasu da duk abin da ke cikinta ba. Giya da taya ko a wurin masu shanta ba sa haɗuwa lafiya. A can ɗin ma zaɓi yana da yawa: akwai lokacin iyali da rana, akwai daren waƙoƙin coci ga Kiristoci, akwai ajin koyo da safe ba hayaniya, ƙungiya kuma tana iya kama hayar zaure ita kaɗai, mata zalla in sun so. Wasan ba ya bukatar komai sai daɓe mai santsi da takalmi. Filin ƙwallon kwando na makaranta ya isa, zauren taro da ba a amfani da shi ranar Lahadi ya isa, tsakar gida mai siminti mai kyau ta isa 'yan mata da iyayensu mata su koya ba idon kowa.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake gani a manyan titunan biranenmu, samari a kan takalmin taya sun kama bayan A Daidaita Sahu ko motar kaya tana jansu cikin cunkoso, ba hular kwano, ba komai. Na ga gwanintar, ba na musunta ta, wasunsu sun fi da yawa daga waɗanda na gani a Landan iya sarrafa ƙafa. Amma direba bai san kana bayansa ba, rami ba ya sanarwa, taya ƙarama kuma dutse kamar ƙwayar gyaɗa yana tsayar da ita cak. Ina so in gan ku kuna wannan wasa kuna da shekara sittin, kamar dattawan Shikago da Atlanta, kuma titi ba ya barin mutum ya kai haka. Ku haɗu ku je wurin shugaban makaranta ko mai kula da filin wasa ku nemi a ba ku fili da rana tsayayya, ku yi karo-karo ku sayi kayan kariya ko na gwanjo ne, ku sa doka cewa ba mai hawa sai da su.

In kun sami filin, wata rana wani babba zai zo ya tsaya a gefe yana kallo, ya daɗe, daga baya ya ce shi ma ya taɓa iyawa. Ku nemo masa takalmi daidai ƙafarsa, ku ɗaura masa na hannu da na gwiwa da kanku. Wayoyinku su koma aljihu, don bidiyo ɗaya na faɗuwarsa a WhatsApp ya isa ya hana shi dawowa, ya hana wasu goma da ke shirin zuwa. Kada ku kama hannunsa ku ja shi da gudu don ku nuna masa daɗin abin. Ɗaya daga cikinku ya tsaya a gabansa yana fuskantarsa, ya miƙa masa damatsa biyu ya dafa, ya riƙa ja da baya a hankali daidai saurin da shi babban ya zaɓa, yana tuna masa ya lanƙwasa gwiwa. In ya faɗi kada a taru a kansa, kada kuma a fizgo shi ta hannu, don kafaɗar babba tana gocewa. Mutum ɗaya ya tsaya a bayansa ya tare masu tahowa, a tambaye shi ko akwai inda ke ciwo, a bar shi ya kafa gwiwa ya tashi da kansa. Kafin ya tafi ku gaya masa ranar da kuke haɗuwa da ƙarfe nawa, ku karɓi lambar wayarsa, in Asabar ta zo ba ku gan shi ba ku kira.